Ni Na Juya Wayoyin, Malam Usmanu

Ranar Talata, tara ga Oktoba na 1990, cikin watan Rabi'ul Awwal, Allah ya karɓi ran Malam Usmanu Riskuwa, tsohon bakanike, a gidansa da ke Argungu. Da hantsi ya cika, bayan jinyar kwana shida. Labarin ya iske ni a Birnin Kebbi ina wanke motar ofis. Wani direban tasi da ya taso daga Argungu ya tsaya a bakin ƙofa, ko inji bai kashe ba, ya leƙo ya ce, "Maigandi, sai hanƙuri. Tsohon ga naka mai ruwan kanwa ya cika." Na yi tsaye da soso a hannu, ruwan sabulu yana gangaro mini har gwiwar hannu. Na Allah muke dukanmu, wurinsa kuma muka dosa, kowa da ranar da aka rubuta masa. Kafin in sami izini in kama hanya, an riga an kai shi makwancinsa.

Malam Usmanu, kai ka san ni direba ne, ba marubuci ba. Ɗan bokon da nake da shi a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, kuma ka sha yi mini dariya cewa rubutuna kamar sawun kaji a shanya yake. Amma dole ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai maganar da ta manne wa sunanka yau shekara huɗu da wata bakwai, ana yin ta a tashar Argungu da ta Birnin Kebbi, wai ruwanka cin ƙarfe yake yi, wai kai ka kashe wa maƙwabcina Zakka mota. Ba kai ba ne, ni ne. Ka hana ni faɗa kana da rai, ni kuma na ji daɗin hanin fiye da yadda ya kamata. Zan faɗe ta dalla-dalla, amma bari in fara nuna wa wanda bai san ka ba irin mutumin da aka ɗora wa wannan magana.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na fara ganinka a garejin ma'aikatarmu, lokacin ina sabon direba mai ji da kansa. Na kawo Landiroba na ƙone mata kulochi a yashin hanyar Augie. Ka jiyo ƙaurin tun daga nesa, ka goge hannu da tsumma, ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Kai direba na, ko sussuka kaka yi da ƙahwa?" Duk garejin aka kwashe da dariya. Na yi kwana uku ina fushi. Ran na huɗu ka kira ni, ka shimfiɗa buhu a ƙarƙashin motar, ka ce in kwanta kusa da kai in ga abin da ƙafata ke aikatawa. Tun daga ranar ban ƙara ƙona kulochi ba, ban kuma sake samun wanda tsiyarsa ke yi mini daɗi kamar taka ba.

Da ka ajiye aiki ka koma gida Argungu, mun zaci hutawa za ka yi. Sai ga shekarun nan da kayan gyaran mota suka yi ɓatan dabo. Kowa ya tuna su. Mota sai ta kwanta wata uku saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba. A aika Sakkwato babu, a aika Kano babu, wanda ya je har Anaca ya dawo da labari kawai. Mutane suka koma tonon gawar motoci, waɗanda suka faɗa kwari da waɗanda aka yasar a bayan gareji har ciyawa ta fito ta cikinsu. Ana samun ƙarfen, sai dai tsatsa ta riga ta rufe shi ruf. In an goga da sanfefa a ci jikinsa, in an ƙona da wuta ya rasa ƙarfinsa. A nan ne ka tuno da wani abu da ka taɓa gani sau ɗaya tak wurin wani injiniya Ba'indiye a garejinmu, shekaru da yawa kafin nan, ranar da sauranmu muke inuwa muna ɓarar gyaɗa.

Ba'indiyen da sodar wanki ya yi nasa. Kai ka nemi soda ka rasa, sai ka juya kan kanwar miyar maiɗakinka, Inna Fadimatu. Ta sha ba mu labarin yadda ta yi sati biyu tana zargin maƙwabta da awaki, kanwa tana ƙarewa a ƙwarya ba a san mai ɗiba ba. Har cikin tukunyar shinkafa ta ɓoye ta, ka bi ka tono. Ranar da ta kama ka da ƙullin a aljihu, ba ka ko ji kunya ba, cewa ka yi gwamnati ce ta aiko a gwada mata. Daga baya ka sayo mata buhu guda, wanda ita ta ce ba don ita ka saya ba, don a bakin rumfarka ka sauke shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda aikin yake. A bayan gidanka, ƙarƙashin rumfar kara da iska ke ratsawa ta ko'ina, akwai rabin durom na roba. Sai ka jiƙa kanwa ta kwana, ka tace ƙasa da tsakuwa, ka zuba ruwan a durom. A kewayen bakinsa daga ciki ka jera tarkacen ƙarafa, gutsattsarin rodi da karyayyen sifirin, ka haɗe su da waya guda. Ƙarfen da ake so a ceto kuwa a tsakiya yake rataye jikin sanda, ya nutse cikin ruwan, ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin tarkacen. Sannan ka jawo cajar batir mai waya biyu, ja da baƙa, kowace da bakinta mai cizo. Baƙar ta ciji abin da ke riƙe da ƙarfen tsakiya, jar ta ciji tarkacen. Da an kunna, sai ƙananan kumfa su fara tasowa daga jikin ƙarfen, ruwa yana tsuwa a hankali alhali ba wuta a ƙarƙashinsa. Kafin gobe saman ruwan ya yi kauri da jar dauɗa, tarkacen sun fara zagwanyewa, tsatsar tsakiya kuwa ta saki ta koma baƙin tabo da burushin waya ke sharewa. Sai ɗauraya, sai shanya a rana, sai a shafa baƙin mai nan take, don ka ce ƙarfen da ya fito daga ruwan nan ko la'asar ba ya jira, sai ya sake yin ja.

Da farko unguwa ta ɗauka tsibbu ne. Ruwa yana tafasa ba itace, me ya rage? Wata tsohuwa ta zo da kwalba tana roƙon a sam mata na ciwon ciki, tun da dai kanwa ce. Ka ce mata, "Inna, wanga ruwa ba na sha ba na. Ƙarhe kaɗai ka shan shi." Ba ta yarda ba sai da ka shiga gida ka ɗebo mata kanwar gaske, ka haɗa mata da shawarar ta je asibiti. Ni kuma da tabata muka sha wuya a hannunka. A lokacin nakan sha kwali guda a yini, kai kuma ka kafa doka ba mai kusantar rumfa da wuta, wai iskar da ke cikin kumfar nan kamawa take yi. Na ce tatsuniya ce. Ka ɗebi kumfar a ludayi, ka kai ni can tsakar fili, ka ce in matso da fuskata in gani da kyau, ka ƙyasta ashana. Abin ya ce fat, rabin gashin bakina ya tafi. Ka yi dariya har kana riƙe ciki, ka ce yanzu na fi kyau ta gefe ɗaya. Da tsiya da nasiha ka yi ta bi na har na bar taba, yau shekara shida.

Sannu a hankali suna ya tafi. Daga Gulma, daga Augie, daga Ambursa ake zuwa da ƙarafa a buhu. Ba kayan mota kaɗai ba, masunta sun kawo ƙugiyoyi da masu, manoman shinkafa sun kawo kayan injin ban-ruwa da ya kwana biyu a laka. Na tuna Baiwa, wata mai takaba daga Gulma, wadda ɗaki ya rufta wa keken ɗinkinta da damina, aka tono shi ya zama dunƙulen tsatsa, alhali da shi take ciyar da 'ya'ya. Ka warware shi ƙusa-ƙusa, ka jera a faranti, ka yi kwana tara kana tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Da ya tashi yana ɗinki, ladan da ka yarda ka karɓa shi ne ta ɗinke maka aljihun rigar aiki da ya yage. Ba zan ce ba ka da aibi ba. Kana da taurin kai, ba ka haƙuri da mai gaggawa, kuma in kana magana da ƙarfe ko sarki ya yi sallama sai ya jira. Shayin da aka zuba maka da safe sau da yawa sai azahar ake tarar da shi a kan durom, ƙuda ya faɗa.

To, yanzu maganar Zakka.

Zakka maƙwabcina ne a Birnin Kebbi, Kirista, mutumin ƙasar Kagoro, ya fi shekara ashirin a cikinmu. Bango ɗaya ya raba gidajenmu, famfo ɗaya muke ɗiba, matarsa Kezia da tawa Balaraba turmi ɗaya suke daka. Yana da Fijo a-kori-kura da yake ɗauko albasa daga Augie yana kai wa kasuwa, ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Ni na haɗa ku, kuka kuwa shaƙu har na fara kishi. In ya ratso Argungu sai ya tsaya kun taɓa gardamar inji, kai kana kiransa Sarkin Albasa, shi yana ce maka Baba Usmanu. Kowace Kirsimeti kana aika masa da kwandon busasshen kifi, shi kuma da azumi ya sauke maka buhun albasa a zaure.

A farkon 1986, ana gab da fara cirar albasa, babbar giyar nan mai haƙora a kewaye, wadda ke zaune cikin aksul tana juya tayoyin baya, ta karye masa. Ya nemi sabuwa har ya gaji. Da ƙyar ya sami guda a jikin wata mota da ta yi damina biyu a kwance cikin fadama, ta yi tsatsa har haƙoranta sun toshe. Direbobin tasha suka ce masa ya kai a goga da hannu, kada ya yarda da ruwan wani tsoho. Ya ce su yi masa shiru, Baba Usmanu ya fi su sanin ƙarfe su duka. Ni na kawo maka ita ranar Laraba.

Ranar Alhamis aiki ya sake biyo da ni ta Argungu, na tsaya in gaishe ka. Inna Fadimatu ta ce an aiko daga Gulma da sassafe, ƙanenka ba lafiya, ka ɗora aikin ka tafi da niyyar dawowa da yamma. Ta ba ni fura na sha, na zaga bayan gida in leƙa giyar maƙwabcina. Sai na ga jar waya a jikin tarkace, baƙar kuwa a kan giya.

Duk direban da ya taɓa ba wa mota wuta daga batirin wata ya san abin da ya zo mini a rai. Mu abin da muka sani shi ne, ja ita ce mai rai, ita ake kai wa inda ake so wuta ta yi aiki, baƙa kuwa a kowane ƙarfen banza na jikin mota ake maƙala ta. Shekara da shekaru ina zama a rumfar nan ina surutu, ban taɓa duban wace waya ke ina ba. Ga shi a kwanakin kana kukan idonka ya fara hazo. Na ce a raina, wayyo tsoho, gaggawar tafiya ta sa ya saka su bai-bai. Na kashe caja, na juya wayoyin, na kunna, na ga kumfa tana tashi, na ce madalla. Wallahi har murmushi nake yi a hanya, ina shirya irin tsiyar da zan yi maka in ka dawo, yau direba ya gyara wa bakanike aiki. Ban gaya wa kowa ba, don kada a riga ni ba ka labari.

Jikin ƙanenka ya yi tsanani, ka kwana biyu a Gulma. Wutar lantarki kuma, wadda ba ta saba yini guda ba ta ɗauke ba, a kwana biyun nan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ranar Asabar na zo da Zakka a motata don mu karɓi giya. Mun tarar ka sauka ke nan, ko riga ba ka canja ba. Muka zaga rumfa tare, kana tsokanarsa cewa bana sai ya biya ka da albasar da ba ta sa hawaye. Ka kama sandar ka ɗaga. Abin da ya fito daga ruwan nan, har in mutu ba zan manta da shi ba. Haƙoran sun zagwanye, jikinta duk ramuka, kamar icen da gara ta ci. Tarkacen gefe kuwa sun yi fes. A lokacin na gane cewa a wannan aiki duk ƙarfen da jar waya ta ciza shi ruwan ke ci. Ka dubi wayoyin, ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawa biyu ba. Sannan ka cire su duka biyun ka yar a ƙasa, ka juya wurinsa ka ce, "Zakka, ni niy yi kuskure. Ka yi hanƙuri."

Zakka ya daɗe yana juya giyar a hannu. Ya ce, "Baba Usmanu, an gaya mini, na ƙi ji. Na yi faɗa da mutane saboda kai." Ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya fita ya shiga mota. Daga Argungu har Birnin Kebbi muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ina jin numfashinsa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ba wani dalili ba ne, tsoro ne.

Bayan kwana huɗu na dawo wurinka, na durƙusa a zaure, na fara kame-kame. Ba ka bari na gama ba. Abin da ka ce yana nan a kunnena yadda ka faɗe shi: "Na sani. Fadimatu ta ce ba wanda yas shigo sai kai. To mi kaka so a yi? Ka tahi ka hwaɗa mai? Kai da shi bango guda yar raba ku, matanku turmi guda, ɗiyanku kwano guda. In yay yi hushi da ni, ina Argungu shina Birni, hushin bai da wurin zama. In da kai na, kullum sahe sai kun haɗa ido. Kuma ni nib bar aiki kwana biyu ba mai dubawa. Abin da yas shiga durom ɗina amanata na. Tashi mu ci tuwo." Na tashi, na ci tuwon, har da ƙari. Na sha tuna wannan ƙarin ina jin kunyar kaina.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ka baza cigiyar wata giyar har Jega da Yawuri, ba a samu ba. Lokacin albasa ya zo ya wuce motar Zakka tana kan duwatsu, manoman Augie suka ba wasu kayansu. Kafin damina ya sayar da ita a yadda take, ya buɗe rumfar faci a bakin titi, mutumin da ya saba da doguwar hanya ya koma zaman jiran tayar da ta sace. Bai ƙara taka gidanka ba, ko sunanka aka ambata sai ya tashi. A tasha kuwa magana ta yi fiffike. Waɗanda suka hana shi tun farko suka sami abin faɗa, masu kawo maka aiki suka ragu, har aka laƙaba maka Mai Ruwan Cin Ƙarfe. Ina zaune a benci ake faɗa. Iyakar abin da nakan iya cewa shi ne, "Kai, ku bari, tsautsayi ne." Kai kuwa da sunan ya iso kunnenka, cewa ka yi ya fi tsohon laƙabinka na mai ruwan kanwa daɗin kira.

Ba ka taɓa goranta mini ba, ko da wasa, kai da ba abin da ke wuce bakinka. Abu ɗaya kawai ka canja: ka ɗaura jan ƙyalle a jikin tarkacen, ka koya mini aikin daga farko har ƙarshe, ka sa na maimaita da hannuna sau uku. Duk zuwan da zan yi kuwa, kafin ka tambayi iyalina sai ka ce, "Ya Sarkin Albasa? Hwacin na tahiya?" Da Kirsimeti ta zagayo ka ɗaure kwandon kifi kamar yadda ka saba, ka ɗora mini a mota, ka ce kada in ce daga gare ka ne, don zai mayar, yara kuma ba su yi laifin komai ba. Sau huɗu ina kai kifin nan a matsayin nawa. Sau huɗu Kezia tana leƙowa ta kan bango tana sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin.

Ranar da ka rasu, da na dawo daga Argungu, na sami Zakka a bakin famfo na gaya masa. Bokitinsa ya cika yana zuba. Ranar sadakar uku da safe ina tayar da mota sai ga shi cikin rigarsa ta zuwa coci, ya ce zai bi ni. Mun wuce Ambursa kaɗan, shinkafa ta yi kore shar dama da hagu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maigandi, ni fa na yafe wa Baba tun tuni. Kowa yana kuskure. Kunya ce ta hana ni zuwa, kullum ina cewa sai wani sati. Yau zan gaya wa iyalinsa na yafe."

Malam Usmanu, na ɗauki abubuwa da yawa na yi shiru, amma wannan ya fi ƙarfina. A shiga zaurenka, gaban 'ya'yanka da mutanen unguwa, a yafe maka laifin da ba ka yi ba, ina zaune ina shafa fatiha. Na gangara gefen titi na kashe mota. Na gaya masa komai, furar da na sha, wayoyin, kallon da ka yi mini, maganarka a zaure, har kifin.

Motoci uku suka wuce mu. Sannan ya ce, "Kifin ma nasa ne?" Na ce naka ne. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, babban mutum mai furfura. Da ya sauke hannuwan ya ce, "Mota ba ta dame ni yanzu ba, Maigandi. Mota ƙarfe ce. Amma shekara huɗu, duk ranar da na ratsa Argungu, ina wuce ƙofar mutumin nan ina kau da kai, yana zaune yana ganina. Wannan wa zai mayar mini?"

Da muka isa, bai tsaya wurin maza ba sai da ya nemi iso ya durƙusa daga bakin ƙofar Inna Fadimatu, ya ce ya zo neman gafara ne, ba yafewa ya zo yi ba. Ta ce masa daga cikin ɗaki, "Tashi, Zakka. Bai taɓa kwana da kai a rai ba. Ranar da yak kwanta ma sai da yat tambaye ka." Da aka watse, tasi ya shiga ya koma gida, bai bi ni ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ina gaishe shi yana amsawa, daga nan ba ƙari. Balaraba da Kezia ba su daina daka tare ba, amma na lura ba a jin dariyarsu kamar da. Abin da ka guje mana ke nan, kuma ban san inda zai tsaya ba. Ka yi haƙuri na karya maganarka. Ka rufa mini asiri iyakar ranka, ni kuma ba zan iya barin ka kwanta da kayana a kanka ba.

Saboda haka duk direban da ya taɓa zama a benci ya ce ruwan Usmanu Riskuwa yana cin ƙarfe, daga tashar Birnin Kebbi har ta Argungu, ya ji daga bakina, ya kuma gaya wa na kusa da shi. Aikinsa bai taɓa ɓata wa kowa ko ƙusa ba. Hannun Maigandi direba ne ya juya wayoyin.

Ya Allah, ga bawanka Usmanu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya suturta wanda ya cuce shi, ka suturta shi ranar da asirai za su tonu. Ka sa jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi, ka saka masa da Aljanna Firdausi, ka kyautata namu ƙarshen in ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fadimatu, wadda ta san gaskiyar nan tun ranar farko ba ta taɓa canja mini fuska ba, da 'ya'yansa Kalilu da Adama da Maryamu, da 'yan'uwansa na Gulma, da makanikai da masuntan Argungu. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Ta ƙarshe kuma ga maƙwabcina Zakka, wanda ya rasa wannan aboki sau biyu, na farkon a hannuna.